Shuɗin Kwano Mai Jan Murfi

Shekara goma sha tara na yi ina karanta labarai a gidan rediyo kafin mu koma Gwallaga da zama. Na san yadda ake matse labarin gobara ya shiga daƙiƙa arba'in. Na san inda ake jan numfashi a tsakiyar doguwar jimla ba tare da mai sauraro ya ji ba. Abin da ban iya ba shi ne zama a tsakar gidan mutane in yi hira ta minti biyar. A ɗakin watsa labarai babu fuskar da kike kallo. Jar fitila ta kama, ki yi magana. Ta mutu, ki yi shiru. Wannan tsari ya dace da halina, na kuwa daɗe ban ga aibinsa ba.

Da maigidana ya yi ritaya muka bar gidan ma'aikata, muka gyara gidan marigayi mahaifinsa, muka tare. Na ce sai an yi walima. Na buga kati, na ɗauko masu girki na haya, suka yi dafa-duka da kaji suka zuba a robobi masu murfi. Abokan aikina suka zo, suka ci, suka ɗauki hoto. Matan unguwa suka shigo bibbiyu, suka ce Allah Ya sanya alheri, suka ɗosana a bakin tabarma kamar masu jiran likita, suka tashi. Har la'asar robobin suna nan jibge kusa da taga. Washegari muka sa su a keke aka kai asibiti aka rabar.

Maƙwabciyarmu ta dama ma'aikaciyar jinya ce, Kirista daga kudancin jihar nan. Ta fi shekara ashirin a layin, kowa Sista yake ce mata. Ita na tambaya ta saman katanga, tana shanya.

"Sista, abincin ne bai yi daɗi ba?"

"Ya yi daɗi mana, ni roba biyu na ci. Amma kin ga kwano ko ɗaya a jikin bangonki?"

Ban gane ba, sai ta yi mini bayani. A unguwar, idan ana sha'ani a wani gida, suna ko biki, duk gidan da ya ɗauke ku nasa zai aiko da kwanonsa tun da hantsi. A jera kwanukan a jikin bango, idan an sauke girki a zuba wa kowanne a mayar. Ba a neman izini, ba a rubuta suna. Yawan kwanukan da ke jikin bangonki shi ne yawan gidajen da kike da su.

"To me ya hana su aiko mini?"

Ta matse zanen da ke hannunta ta ce, "Hajiyar rediyo, kin taɓa wanke cokali ɗaya a gidan wani? Muryarki suka sani. Ba a aika wa murya kwano."

A lokacin an riga an yi baikon 'yata ta fari, wadda ta gama jami'a tana koyarwa, an sa biki bayan babbar salla mai zuwa. Wata goma sha ɗaya ke nan a gabana. Na dubi bangon tsakar gidanmu, sabon fenti, babu ko tabo. Na ƙudura a raina cewa yarinyar nan ba za ta fita daga gidan da bangonsa yake wayam ba. Ranar Litinin na je wurin aiki na karɓi duk labaran safiyar ranakun mako, na saki na Asabar da Lahadi.

Sha'anin farko da na je suna ne a gidan wani kafinta a layin bayanmu. Na sa leshi, wannan kuskurena ne. Ina shiga aka ruga aka ɗauko mini farar kujerar roba, aka goge ta, aka kafa ta a inuwa. Na zauna awa guda ina kallon mata talatin suna aiki suna dariya, duk wadda ta gifta ta gabana sai ta rage murya ta ce, "Sannu da zuwa, Hajiya." Na gane kujerar nan ba karramawa ba ce kawai, iyaka ce aka shata mini cikin ladabi.

Na tashi na koma gida, na sa tsohuwar atamfa, na ɗaura zani a kai, na dawo. Ban kalli kujerar ba. Na wuce kai tsaye wurin bahon wanke-wanke na tsuguna.

"La ilaha! Hajiya, tashi, sabulun nan zai ɓata miki hannu."

"Ku bar ta," in ji wata daga wurin murhu. "Mu ga ko hannun makirfo ya iya soso."

"Hajiya, tunda kin zo, a ɗan yi mana labaran duniya mana."

Na san gwaji ne. Na ajiye soson, na gyara zama, na saita murya kamar jar fitila ta kama, na ce, "Masu sauraro, ga kanun labaran. Rahotanni daga bakin murhu na cewa tukunya ta biyu ta kama. Hukumomi sun musanta, amma ƙauri ya tabbatar."

Tsakar gidan ya ɗauki shewa. Wadda ke kula da tukunyar ta zabura da muciya tana cewa, "Ƙarya take yi mini, wallahi ƙarya ne!" Ta buɗe, ashe kuwa ta kama. Tun daga ranar ba a sake ɗauko mini kujera ba.

Ina cikin wanke-wanken ne wata siririyar mace da ke zaune gaban tanda ta miƙo mini masa biyu masu zafi a kan murfin kwano. Matar tela ce, uwar tagwaye, Maman 'Yan Biyu ake kiranta. Duk sha'anin da aka yi a unguwar ita ke suyar masa, kuma a garin da kowa yake ganin ya san masa, ba a jayayya a kan tata.

Aikin yana da matakai, ko da yake babu wanda ya rubuta su. Ana farawa da baho, a wuce yankan albasa, sannan ɗaukar tire. Bayan nan zuba miya, sai shinkafa. Can ƙarshe nama, shi kuwa mutum ɗaya ce take taɓa shi: wata tsohuwa da ta haura saba'in, wadda ba gwaggon kowa ba ce a cikinmu amma kowa Gwaggo yake ce mata. Da babban cokalinta na ƙarfe take zuwa, naɗe cikin tsumma, ta zauna a kujerar tsugunno gaban tukunya, a riƙa miƙo mata kwanuka.

Wata biyu na yi a baho kafin a ɗora mini tire. A nan na gano abin da ban taɓa sani ba. Tire izini ne na shiga kowane ɗaki. Mace irina, wadda ba ta san yadda ake soma hira ba, idan tana ɗauke da tire an riga an ba ta jimlar farko: "Ga abinci, a ƙara miya?" Daga nan maganar ke tafiya da kanta. Wannan ta ce a rage mata mai, hawan jini ne, sai in tambayi jikin. Waccan ta ce a kai wa surukarta tukuna, sai in san wace ce surukar wa. Idan hirar ta ƙare mini, tiren ya ba ni hanyar fita: ana jirana a waje. Cikin wata huɗu na san ɗakunan unguwar fiye da yadda maigidana, wanda aka haifa a cikinta, ya san su. Aka fara tsayar da ni a hanya. Wata ta aiko a tambaye ni maganin tarin da na ce ya yi wa 'yata amfani.

Amma idona bai daina aikinsa na ƙirga ba. Duk lokacin da na zo ɗaukar kwanuka sai in lura da hannun Gwaggo. Yawancin kwanuka, a zuba shinkafa, ta ɗora tsoka biyu a sama, a rufe. Wasu kuwa sai ta karɓe su babu komai a ciki, ta jawo su kusa da gwiwarta, ta sa nama a ƙasa da sauri, ta miƙa a rufe shi da shinkafa, sannan ta ɗora biyu a sama kamar na kowa. Na bi abin a sha'ani shida. Kwanuka biyar ne, kullum su ne. Wanda ya fi samu wani shuɗin kwanon samira ne mai jan murfi, murfin ma ba nasa ba ne. Ban san na gidan wa ba ne, don yara ke kawowa su ajiye su tafi. Na yanke hukunci a raina cewa tsohuwar tana da 'yan lelenta, kuma da naman mutane take yi musu alheri. A wurin aikina, idan an ba wani minti uku, abokin hamayyarsa ma minti uku ake ba shi. Haka aka horar da ni, haka na ɗauka adalci yake.

Ranar da abin ya faru biki ake yi a gidan wani mai sayar da hatsi. An sauke nama ke nan aka zo aka ce wa Gwaggo jikarta tana naƙuda. Ta miƙe tana gyara mayafi, ta dubi matan da ke wurin ɗaya bayan ɗaya, sai ta miƙo mini cokalin.

"Riƙe, 'yar rediyo. Na ga kullum idonki yana kan hannuna, ai kin ga yadda ake yi."

Na ji daɗi ƙwarai. Wata shida, ga ni gaban tukunyar nama. Na ƙirga kwanuka, talatin da ɗaya. Na ƙiyasta naman, na ga zai kai uku-uku har a samu saura. Na sa aka zuba shinkafa a dukkansu, na bi layi ina ɗora uku a kan kowanne.

Wata mai zuba miya ta leƙa nata ta ce, "Kai, yau kwanonmu ya yi goshi! Tsoka uku?"

Na ce, "Ai lissafi ne kawai. Idan ba a binne wa wasu a ƙasa ba, kowa zai samu uku. Shuɗin nan mai jan murfi shi kaɗai biyar ake binne masa."

Ban ɗaga murya ba. Ba na bukatar ɗagawa. Shekara goma sha tara ana koya mini yadda kowane harafi zai fita tas ya isa kunnen wanda yake nesa. Maganar ta isa har zaure.

Hayaniyar ta ɗauke gaba ɗaya, sai ƙarar mai a tanda. Maman 'Yan Biyu ta ajiye cokalin juya masa, ta goge hannunta a zani, ta taka zuwa jikin bango. Ta ɗauki shuɗin kwanon, ta juye abin da ke ciki a cikin babbar tasa a hankali, ba ta zubar da ko ƙwaya ba. Ta rufe shi, ta ce wa uwar biki, "Allah Ya ba su zaman lafiya," ta fita. Masar da ta bari a tanda ta ƙone, babu wadda ta motsa ta kwashe.

Sista ce ta raka ni gida bayan la'asar. Ta ce idon telan ya mutu shekara biyu da suka wuce, kekensa yana lulluɓe da zani a zaure. Baki takwas ne a gidan, duk a kan tandar matar. Sauran kwanuka huɗun kuma, akwai na wadda mijinta ya rasu, akwai na wanda shagonsa ya rufe.

"Kowa ya sani?"

"Har yara sun sani. Waccan da ta yi murnar tsoka uku, kina tsammanin ba ta san inda ta ukun take zuwa ba? Tsokanarki take yi, ta ɗauka za ki gyara."

"To me ya sa ba wadda ta gaya mini?"

"Abin da ba a faɗa ne, wa zai gaya miki? An bar ki ki gani da idonki. Kin kuwa gani, sai kika karanta shi a labarai."

A sunan da aka yi bayan mako biyu, ina shiga aka ɗauko farar kujera aka goge. Babu wadda ta ɗaure mini fuska. "Sannu da zuwa, Hajiya." Gwaggo ta karɓi cokalinta da na wanke na naɗe, ta ce, "Madalla," ba ta ƙara ba. Na dubi jikin bango, babu shuɗin kwano. A tanda wata ce daban take suya. Sha'ani uku aka yi a jere, bai zo ba. Wato ban tsaya ga kunyata matar ba, na cire nama daga bakin 'ya'yanta.

Na je gidanta na ba da haƙuri. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ba komai, Hajiya, ai gaskiya kika faɗa." Ba ta ce in shigo ba. Na koma na dafa shinkafa da kaza guda, na cika kula na aika. Da yamma kular ta dawo a wanke, cike da soyayyar gyaɗa, don a nan ba a mayar da mazubi babu komai. Na zauna ina kallon gyaɗar. Kyautata ta sa matar da ba ta da shi ta nemo abin da za ta rama da shi.

Maigidana ya ce, "Ki bar wahalar da kanki. A ɗauko masu girkin nan na wancan karo, a yi biki a gama."

Na ce, "Malam, ba girki na rasa ba."

Saura wata huɗu. Na ci gaba da zuwa kowane sha'ani. A ɗauko kujera, in gode, in wuce baho. Ban sake neman tire ba, ban sake yin labaran murhu ba. Ina wanke tukwane har bayansu, inda ba wanda zai duba. Hannuna ya yi kanta, wata abokiyar aikina ta tambaye ni ko noma na fara.

A karo na biyar, bayan an gama rabo, Gwaggo ta jawo kujerarta kusa da bahon, ta miƙo mini cokalinta in wanke.

"'Yar nan, na ji kin aika kaza."

"Na aika, Gwaggo."

"Ke dai kullum ke ce mai bayarwa. Wata nawa kina shiga gidajen nan?"

"Takwas."

"Kwanonki nawa kika taɓa aikowa?"

Ban taɓa ba. A ganina muna da abinci a gida, gara a bar wa masu bukata.

"To kin ji," in ji ta. "Matar Alhajin can mai motoci uku, kwanonta yana jikin bango kusa da shuɗin. Don me kike tsammani? Yunwa take ji? Idan masu shi ba su aiko ba, ai an gane marasa shi." Ta karɓi cokalin ta duba bayansa. "Maman 'Yan Biyu ba za ta karɓi komai a hannunki ba. Sai dai ke ki karɓa a nata, in kin iya."

Na juya maganar kwana biyu. Ranar Asabar da hantsi na ɗauki ƙaramin kwano na tafi gidan tela da ƙafata. Na yi sallama. Tana tsakar gida tana suyar masar sayarwa.

"Maman 'Yan Biyu, roƙo na zo. Ki ɗan sam mini ƙullun da ya kwana, ina so in gwada masa. Ban taɓa yi ba."

Ta dubi kwanon, ta dube ni. Ta ɗebo ludayi biyu ta zuba, ta ce, "A gauraya da sabo, a bar shi ya tashi." Shi ke nan.

Na bi umarnin daidai, har da duba agogo. Abin da ya fito baƙi ne a waje, ɗanye a ciki. Ban zubar ba. Na jera shida a faranti na rufe, na koma mata washegari na buɗe a gabanta.

Ta ɗauki ɗaya ta juya, ta matsa da yatsa, ta ƙi lotsawa. Ta yi ƙoƙarin riƙe fuskarta, ta kasa.

"Hajiya, wannan masa ce ko dugadugan silifa?"

Daga cikin ɗaki mijinta ya ce, "A miƙo in taɓa, ko za a yi maɓalli da ita."

Ta yi dariya har da hawaye, ta turo mini kujerar tsugunno da ƙafa. "Zauna. Wutarki ta yi yawa, kuma kin cika gaggawar juyawa. Ba agogo ake dubawa ba, gefenta ake dubawa."

Asabar shida na yi ina zuwa. Ina hura wuta, ina shafa mai a gurbin tanda, ina ƙona yatsu. Tana gyara mini ba sassauci: "Kin cika gurbi." "Wa ya ce ki taɓa ta yanzu?" Duk wadda na lalata sai ta sa na cinye. Idan zan tafi takan zuba mini huɗu a kwanona, in karɓa da hannu biyu in yi godiya, ban taɓa mayar da komai ba. Wannan ne ya fi mini wuya a cikin aikin duka.

A Asabar ta biyar ne ta yi maganar, idonta a kan tanda.

"Kin san na sani ana sa mini a ƙasa?"

"Na sani yanzu."

"Na sani, sun san na sani. Amma tunda ba wadda ta faɗa, ina iya shiga da kaina a sama in yi suyata, in ce taimako na zo. Idan na kai gida in buɗe, in ce wa yara, kai, yau Gwaggo ta yi mantuwa." Ta juya masa uku a jere. "Ke kuma kika zo da muryarki mai daɗi."

Na ci gaba da hura wuta. Sai a Asabar ta shida na ce, "Bikin yarinyar nan saura mako uku. Kin ga dai hannuna. Idan ba ki zo ba, silifa za a ba baƙi."

Ta ce, "Zan duba."

A sha'anin da ya rage kafin namu, na aika da kwanona tun da hantsi, fari mai zanen fure. Na gan shi a jikin bango tsakanin na matar Alhaji da na Sista. Ya dawo da shinkafa da tsoka biyu a sama. Muka ci da maigidana, ya ce gishiri ya ɗan yi yawa, na ce ya ci haka nan.

Ranar bikin, ƙa'ida ita ce uwar amarya ta zauna a ɗaki, ba ta taɓa aiki. Na zauna a inda nake hango bango ta labule. Ƙarfe bakwai Gwaggo ta shigo da cokalinta a naɗe. Bayanta mata huɗu da manyan tukwane a ka. Bakwai da rabi aka ajiye kwano na farko, na Sista. Sai na matar kafinta. Sai biyu tare. Na ƙirga har goma sha biyu, daga nan na hana kaina ƙirgawa, don na ga layin ya wuce taga ya karya kwana wajen rijiya. Sabon fentin nan ya sha hayaƙi da tabon manja kafin azahar.

Wajen ƙarfe tara na ji ƙamshin masa. Na leƙa. Tana zaune gaban tandarta a kusurwa, ta juya wa ɗakina baya, tana faɗa da mai hura mata wuta. Na bi bango da ido daga farko har ƙarshe. Babu shuɗi.

Aka sauke shinkafa, aka sauke nama, aka fara miƙa wa Gwaggo kwanuka. An kusa rabi sai Maman 'Yan Biyu ta tashi, ta ɗaga buhun da ta zo da gawayi a ciki, ta ciro shuɗin kwanon daga ƙarƙashinsa. Da kanta ta kai shi jikin bango, ta ajiye a ƙarshen layi, ta koma mazauninta. Na ga yadda hirar tsakar gidan ta ragu. Mata suna aiki, amma kowa tana satar kallon kwanon yana matsowa kusa da tukunya. Saura uku. Saura biyu. Idan aka miƙa shi cikin wannan shiru, duk unguwa za ta ga hannun Gwaggo.

Na yaye labule na fito.

"Uwar amarya, koma ciki! Ina kunyar taki?"

Ban koma ba. Na wuce can ɗaya ƙarshen tsakar gidan, nesa da murhu, na hau dakalin rijiya, na ɗauki ludayi na kai bakina.

"Masu sauraro, assalamu alaikum, ga labari da ɗumi-ɗuminsa. Wata mata a Gwallaga ta shafe mako shida tana koyon masa. Likitoci sun ce mutum biyu da suka ci suna samun sauƙi, na ukun kuma haƙorinsa ne ya fita. Ga wakiliyarmu Sista daga asibiti."

Duk kawuna suka juyo. Sista ta karɓi ludayin ba tare da ɓata lokaci ba, ta ce lamarin ya fi yadda ake zato muni, an tura mutum ɗaya Jos. Aka yi ta shewa ana tafi, wata tana cewa a kama uwar amarya a mayar da ita ɗaki. Na ja labarin, na ƙara masa rahoton yanayi da farashin albasa, abin da ban taɓa yi wa labari ba a rayuwata. Ban dubi wajen murhu ba ko sau ɗaya.

Da na sauko, shuɗin kwanon yana jikin bango a rufe da jan murfinsa, cikin 'yan'uwansa. Gwaggo tana goge cokali. Na zo wucewa ta gaban tanda, Maman 'Yan Biyu ta miƙo mini masa biyu a kan murfin kwano, ba ta ɗago kai ba.

"Mako shida aka ce? Bakwai ne, har da ranar silifa. A gyara labarin."

Na ce za a gyara. Na karɓa da hannu biyu na koma ɗaki.